Zaman Gida: Wace Na'ura Za Ta Kai Hoton Waya Cikin Telebijin?



Kwanan baya wani maigida ya rubuto mana takarda. Ya ce ɗansa ya yi aure a birni mai nisa, tsofaffin gida ba su sami zuwa ba, sai aka aiko musu hoton bikin a waya. Da dare ya yi, mutum goma sha biyu suka taru a kan waya ɗaya wadda ba ta fi tafin hannu ba. Yara suka tsare gaba, kakar ango kuwa, wadda aka yi taron dominta, ba ta ga fuskar amarya ba har aka tashi. Ga telebijin a ɗaki yana zaune a kashe. Kashegari maigidan ya tafi kasuwa, ɗan kasuwa ya jera masa na'urori iri huɗu, kowace ya ɗaga sai ya ce ita ce ta fi. Mutumin ya komo gida da kuɗinsa, ya ɗauki alƙalami ya tambaye mu, "Wacce zan saya?"

Lalle ya yi dabara da bai yi gaggawa ba, gama mu da kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Mun sayi wata 'yar na'ura da aka yaba mana ƙwarai, muka kawo gida da murna, sai da muka soka ta a telebijin muka tarar ba ta motsi sai da Wi-Fi, mu kuwa a lokacin ba mu da shi. Ta yi wata shida a cikin akwati. Na'urar ba ta da laifi, mu ne muka saya ba mu duba gidanmu ba. Saboda haka amsarmu ke nan a taƙaice: babu wata guda da ta fi duka, sai dai wadda ta dace da wayarku, da telebijin ɗinku, da aljihunku. Bari mu bi zancen daki daki.

HANYOYI BIYU

Kafin mu kira sunan kowace na'ura, ya kamata a san hanyoyi biyu ne ake bi, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Ta fari ita ce hanyar madubi. Duk abin da ke fuskar waya, shi ne zai fito a telebijin, kamar mutum ya tsaya gaban madubi. In ka buɗe hoto, hoto zai fito. In ka koma wajen saƙonni, saƙonninka za su fito. Waya ce ke yin dukan aikin, saboda haka batirinta yana saurin ƙarewa, tana kuma zafi, ba kuwa za ka iya yin wani abu da ita ba sai an gama kallo.

Ta biyu ita ce hanyar aike. A nan waya tana gaya wa na'urar, "Je wuri kaza ki ɗauko fim kaza." Na'urar da kanta za ta shiga intanet ta ɗauko, ta nuna a telebijin. Waya ta zama kamar rimot ke nan. Kana iya amsa kira, ko ka sa ta a aljihu, fim yana ci gaba.

To ga abin lura. In abin da kuke so ku gani yana cikin waya tuni, kamar hoton bikin nan, hanyar madubi ko igiya ta ishe ku. In kuwa yana can a intanet, kamar YouTube, hanyar aike ta fi daɗi, amma tana bukatar Wi-Fi a gida da data mai yawa.

IGIYAR HDMI

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Igiyar HDMI ta shigo kasuwa tun shekarar 2003, har yau kuwa babu abin da ya fi ta sauƙi. Baki ɗaya a kwamfuta, ɗaya a bayan telebijin, sai hoto da murya su wuce tare. Ba ta neman Wi-Fi, ba ta neman a buɗe asusu da kowa, ba ta tsinkewa a tsakiyar kallo. Ga wanda ke da kwamfutar cinya, ita ce hanya mafi araha duka.

Ga waya kuwa akwai sharaɗi. Ana sayar da igiya mai bakin USB-C a gefe ɗaya da HDMI a ɗaya gefen, amma ba kowace waya ce ke fitar da hoto ta wannan kafa ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi caji kawai da tura fayil suke yi da ita. Manyan wayoyin Samsung suna yi, haka nan iPhone 15 ta shekarar 2023. Tsofaffin iPhone suna bukatar wani mahaɗi na musamman. Saboda haka kada ku biya kuɗin igiya sai an gwada ta da wayarku a gabanku.

Kada kuma a manta da filash. Telebijin da yawa suna da kafar USB a baya. A kwafi hoton a filash, a soka, a zaɓa da rimot, shi ke nan.

CHROMECAST DA GOOGLE TV

Kamfanin Google ya fito da Chromecast a watan Yuli na shekarar 2013, a kan dala 35. 'Yar ƙarama ce kamar ɗan yatsa, ana soka ta a kafar HDMI. Ta farko ba ta da rimot sam, waya ce rimot ɗinta. Ita ce ta sa hanyar aike ta bazu a duniya. A shekarar 2020 aka fito da wadda ke da rimot da manhajoji a cikinta, wadda ake kira Chromecast with Google TV. A watan Agusta na 2024 kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙera Chromecast, bayan ya sayar da fiye da miliyan 100, ya maye gurbinta da wani ƙaramin akwati mai suna Google TV Streamer, wanda aka fara sayarwa kusan dala 100.

Amfaninta shi ne tana shiri da wayoyin Android ƙwarai. Tana karɓar aike daga YouTube da manhajoji masu yawa, tana kuma iya nuna fuskar wayar gaba ɗaya. Mai kwamfuta yana iya tura mata shafi daga manhajar Chrome. Mai iPhone ma yana iya yin aike daga manhajojin da ke da alamar, amma madubi ba ya yiwuwa kai tsaye. Aibinta kuwa shi ne wanda ya kama mu: tilas waya da na'urar su kasance a kan Wi-Fi guda.

Har yanzu akwai ragowar tsofaffin Chromecast a kasuwa. Mai saye ya san cewa ta 2013 an daina yi mata gyaran manhaja tun 2023.

FIRE TV STICK

Kamfanin Amazon ya fito da akwatin Fire TV a watan Afrilu na 2014, sa'an nan a ƙarshen wannan shekara ya fito da Fire TV Stick a kan dala 39. Ita tana zuwa da rimot, manhajoji kuma a cikinta suke zaune. Watau ko babu waya a ɗaki ana iya kallo, wannan kuwa taimako ne ga dattawan da ba su saba da latse latse ba. YouTube na waya yana iya yi mata aike, yawancin ire-irenta kuma suna karɓar madubi daga wayar Android da kwamfuta mai Windows. Da iPhone ba ta yin madubi sai an ƙara mata wata manhaja.

Kafin ta fara aiki tilas a buɗe asusu da Amazon. Shafinta na farko kuma cike yake da tallar finafinai da kayan sayarwa, waɗansu hotunan ba irin waɗanda za a so yara su buɗe ido a kansu ba ne.

ROKU

Roku ya girmi waɗannan biyu. Akwatinsa na farko ya fito a shekarar 2008 a Amurka, an yi shi musamman domin kallon Netflix. Sunan kuwa kalmar Japananci ce mai ma'anar shida, gama shi ne kamfani na shida da Anthony Wood ya kafa. Abin da ake yabonsa a kai shi ne sauƙi: manyan alamu a jere, rimot mai maɓallai kaɗan. Yana karɓar madubi daga Android da Windows, yawancin ire-irensa kuma suna karɓa daga iPhone. Ga gidan da ake da wayoyi iri biyu, wannan abin dubawa ne.

Sai dai kasuwar Roku a Amurka da Kanada da Meziko da Ingila ta fi ƙarfi, tashoshinsa da yawa kuma domin mutanen can aka shirya su. In ɗan'uwa ya kawo muku tsarabarsa daga Turai ko Amurka, kada ku yi mamaki in kun tarar waɗansu ƙofofi a rufe.

APPLE TV

Apple TV ta fara fitowa a shekarar 2007. Akwati ne mai ƙarfi da sauri, ba ya cika damun mai kallo da talla. Yana aiki da wata hanya ta kamfanin Apple mai suna AirPlay, wadda ke yin madubi da aike duka daga iPhone da iPad da kwamfutar Mac. Wadda aka fito da ita a 2022 an fara sayar da ita a dala 129, watau ta fi sauran tsada. In kowa a gida iPhone yake riƙe, babu wadda za ta fi ta daɗin aiki. In kuwa wayoyin gida Android ne, an biya kuɗin abin da ba za a mora ba, gama ba ta nuna fuskar wayar Android kai tsaye.

'YAN NA'URORIN MADUBI

Akwai waɗansu ƙanana masu araha da ake sayarwa da sunaye iri iri, kamar AnyCast. Yawancinsu suna aiki da wani tsari mai suna Miracast, wanda aka kafa a shekarar 2012. Abin sha'awa a wannan tsari shi ne waya da na'urar suna magana da juna kai tsaye, ba sai da Wi-Fi na gida ba. Ga gidan da babu rauta, wannan babban amfani ne. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana da shi, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin K. A wayar Samsung ana kiransa Smart View, waɗansu kamfanoni kuma suna ba shi wani suna. Amma ba kowace wayar Android ke da shi ba, gama Google ya cire shi daga asalin Android a shekarar 2015, sai kamfanin da ya ga dama ya mayar. iPhone kuwa ba ta aiki da Miracast.

Aibinsu sananne ne. Hoto yakan tsaya ya ci gaba, murya takan riga baki ko baki ya riga murya. Manhajojin finafinai na biya kuma sau da yawa baƙin allo kawai suke nunawa, domin an kulle su kada a kwafa. Amma ga hoton biki da na suna da wanda aka riga aka sauke a waya, suna biyan bukata.

A YI HANKALI DA AKWATIN DA BA SHI DA SUNA

Araha ba ta ado. Akwai akwatunan Android da ba a san wanda ya ƙera su ba, ana tallarsu da alkawarin dukan tashoshin duniya kyauta. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta ja kunnen jama'a cewa waɗansu irin waɗannan na'urori suna zuwa da muguwar manhaja a ciki, wadda ake kira BADBOX, mai ba ɓarayin intanet dama su yi amfani da layin gidan mutum ba da saninsa ba. Wanda ya ce zai ba ka abin da ake saye da kuɗi a kyauta har abada, ka tambayi kanka inda yake samun ribarsa. Ban da haka, tashoshin da ke cikin irin wannan akwati ba a tace su ba, yaro yana iya faɗawa ko'ina.

KUƊIN DA BA A GANI

Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, kuɗin data kuwa kowane wata. Bisa ga lissafin da Netflix ke bayarwa, awa ɗaya ta kallo tana cin wajen gigabait 1 in hoton matsakaici ne, har gigabait 3 in mai kyau ne, har gigabait 7 in irin wanda ake kira 4K ne. To mu yi lissafi. Gidan da ke kallon awa biyu kowane dare a matsakaicin hoto zai ci wajen gigabait 60 a wata. In aka bar shi a kan mai kyau, yana iya kaiwa 180. Na'urorin nan kuwa, in ba a hana su ba, hoto mafi kyau da layin zai iya ɗauka suke zaɓa da kansu. Saboda haka ranar da aka kafa na'ura, a shiga wajen saiti a rage ingancin hoton. A ƙaramin telebijin bambancin ba shi da yawa, a aljihu kuwa yana da yawa.

A kuma sani cewa duk na'urar da ke dogara ga kamfani, kamfanin yana iya rufe ƙofa. A shekarar 2019 Netflix ya hana manhajarsa aiki da AirPlay. A watan Maris na 2025 Chromecast ta ƙarni na biyu ta tsaya cik a gidaje ko'ina cikin duniya, sai da aka yi kwanaki kafin Google ya gyara. Igiyar HDMI ba ta san wannan wahala ba. Shi ya sa muke cewa ko an sayi na'ura, a ajiye igiya a gida.

TO WACCE ZA A SAYA?

Da fari a leƙa bayan telebijin. In babu kafar HDMI, sai ramukan nan uku masu launin ja da fari da rawaya, to duk na'urorin nan ba za su shiga ba sai an ƙara wani ɗan akwati mai juya HDMI zuwa tsohon tsari, hoton kuma ba zai yi kyau sosai ba. In kuwa telebijin ɗin sabo ne mai shiga intanet, a duba littafinsa tukuna, watakila abin da ake nema yana ciki. Telebijin na Samsung da LG da yawa sun sami AirPlay tun shekarar 2019, madubin Android kuma sun daɗe da shi.

Bayan haka ga shawararmu. Gidan da babu Wi-Fi, abin kallo kuma yana cikin waya ko kwamfuta, igiya ko filash ko 'yar na'urar Miracast ta isa. Gidan da akwai Wi-Fi ko MiFi, wayoyi kuma Android ne, na'ura mai Google TV ta fi dacewa. Gidan da ake son rimot domin dattawa, a duba Fire TV Stick ko mai Google TV. Gidan iPhone zalla mai hali, Apple TV. Gidan da wayoyi suka gauraya, a nemi telebijin ko na'urar da ke karɓar duka biyun.

Ga maigidan da ya rubuto mana, mun ba shi amsa cewa ya sa a kwafa masa hoton bikin a filash. In telebijin ɗinsa yana da kafar USB, kakar ango za ta ga amarya ba tare da an sayi na'ura ko ɗaya ba.

ABU BIYU NA ƘARSHE

Na ɗaya, madubi ba ya rufa asiri. Mun taɓa zama a wani gida ana nuna hotunan tafiya ta hanyar madubi, baƙi cike da ɗaki, sai ga saƙo ya faɗo a saman telebijin, mai bin maigida bashi yana tuna masa alkawari. Kowa ya karanta, kowa ya yi kamar bai gani ba. Kafin a fara madubi, a kashe sanarwar saƙonni, a kuma buɗe abin da za a nuna tun kafin a haɗa.

Na biyu, yara. Dukan manyan na'urorin nan suna da wurin sa lambar sirri, wadda ke hana sayen abu ko ƙara manhaja ba da izini ba, waɗansu kuma suna da sashe na musamman domin yara. A sa lambar tun ranar farko, kada kuwa ta zama shekarar haihuwar wani a gida, gama yara sun fi mu saurin ganewa. Amma lamba ba ta maye gurbin iyaye. A ganinmu babban amfanin kai hoto cikin telebijin shi ne ya fito da kallo daga ɓoye zuwa fili. Yaron da ke kallo a waya cikin bargo, ba wanda ya san abin da yake gani. Abin da aka sa a telebijin a tsakiyar ɗaki kuwa, uwa tana gani, uba yana gani, ana iya tsayar da shi a yi magana a kai. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ajiye telebijin inda kowa ke wucewa, a sa lokacin kunnawa da na kashewa, manya kuma su fara kiyaye dokar da kansu.

In kun je kasuwa, ku tafi da wayarku, ku roƙi a gwada a gabanku, ku kuma tambaya ko za a karɓa in ba ta yi aiki a gida ba. Matambayi ba ya ɓata. Wanda yake da wata tambaya a kan wannan, ko a kan wani abin da ya shafi zaman gida, ya rubuto mana kamar yadda aka saba.

Ku gai da iyali. Sai mun sadu a wata mai zuwa.